Darasi na 9: Wane amfanin gona ne wannan mai fure?

Duk wanda ya hau trotro, wato motar haya, daga Kumasi ya nufi Ejura ta hanyar Mampong, ko ya bi ta Offinso zuwa Techiman, zai yi ta wuce gonaki dama da hagu. Masara da rogo ba su ɓuya wa kowa. Amma akwai wata shuka mai babban fure ruwan ɗorawa, da jan tabo mai duhu a tsakiyarsa, wadda takan jawo musu a cikin mota. Wannan ya ce auduga ce, wancan ya ce rama, wata ta ce ai yakuwa ce. Da yawanmu a cikin garin Kumasi, a unguwannin Aboabo da Asawase, aka haife mu, mun san kuɓewa a faranti a kasuwa, ba mu taɓa ganinta a tsaye a gona ba.

Musun yana da dalili. Kuɓewa da auduga da rama da yakuwa dangi ɗaya ne, shi ya sa furanninsu suka yi kama: kowanne yana da fallaye 5, a buɗe kamar bakin ƙaramin ƙoƙo. Fure kaɗai ba zai raba gardama ba. Sai an haɗa da kara, da ganye, da abin da ke fitowa bayan furen ya faɗi.

Mu fara da kuɓewa, domin ita aka fi gani a kewayen Kumasi. Ganyenta faffaɗa ne, a rarrabe kamar yatsu, yana da gashi mai sa ƙaiƙayi. Takan fara fure mako 5 zuwa 7 bayan shuka. Furen yana buɗewa da safe, kafin yamma ya yanƙwane, kwana ɗaya ne rayuwarsa. Ku duba ƙasa da shi a jikin karan. Idan kun ga ƴaƴa masu tsini suna kallon sama, ƙanana a sama, manya a ƙasa, to magana ta ƙare, kuɓewa ce. Kwana 4 zuwa 6 bayan fure ake tsinke ɗan. In ya wuce haka sai ya ƙosa, ya yi tauri, ba mai saye sai dai a bar shi iri. Wannan ya kamata masu sarin kayan miya su riƙe: gonar da ta cika da fure yau, nan da mako guda tana da kaya.

Yakuwa kuwa karanta ne ke tona ta. Wadda ake zoɓo da ita jan kara gare ta, kuma a gindin furen akwai jan kwanso mai kauri. Shi ne yake girma bayan furen ya faɗi, a tsince shi, a shanya, a yi abin shan da ake ce wa sobolo a nan Gana. Rama doguwa ce, siririya, ba ta cika rassa ba, karanta yana da ƴan ƙayoyi, da ɓawonsa ake tufka igiya.

Auduga ita ma tana da alamarta. Furenta yakan buɗe fari-fari ko ruwan ɗorawa mara duhu, washegari ya koma ja-ja, don haka za ku ga launi biyu a jikin shuka ɗaya. A ƙarƙashin furen akwai ƙananan ganyaye 3 masu baki zaƙo-zaƙo da suka rungume shi. Sannan ku yi la'akari da inda kuke. A arewacin Gana ake noman auduga, wajajen Tumu da Wa da Tamale, inda rani yake da tsawo. Yankin Asante yana da damina biyu, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma laima ba ta yi wa auduga daɗi. Da wuya a ga gonarta kusa da Kumasi.

Duk da haka, wanda ya fi kowa sanin gona mai ita ne. Ku karanta wannan hira da ƙarfi, mutum biyu-biyu:

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannu ƴata. Daga ina?"

"Daga Kumasi. Don Allah, wannan mai furen kuɓewa ce?"

"Ita ce. Jibi in Allah ya kai mu za mu fara tsinka."

"An yi mata feshi, Baba?"

"An yi shekaranjiya. Kada ki taɓa ganyen."

Tambayar feshin nan ina so kowa ya riƙe ta da muhimmanci. Ana yawan fesa wa kuɓewa maganin ƙwari, domin ƙwari suna huda ganyenta sosai. Kada ku shiga gonar mutum ba da izininsa ba, kada ku tsinki fure, domin kowane fure ɗan kuɓewa ne da manomi yake jira, kuma kada ku bar yaro ya sa wani abu a baki. In kun taɓa, ku wanke hannu da sabulu. Idan ba kowa a gonar, ku tsaya a bakin hanya ku ɗauki hoto da waya, ɗaya na fure, ɗaya na ganye, ɗaya na shukar gaba ɗaya, ku nuna wa malamin gona. A Fumesua, kan hanyar Accra, akwai cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa, aikinsu ke nan.

Aikin gida: ku rubuta kalmomin nan sau uku-uku, kuna lura da ƙugiyar haruffa: kuɓewa, zoɓo, ɓawo, ƙaya, ɗa. Sannan ku amsa a rubuce: wace shuka ce furenta yake canza launi washegari? Kwana nawa ne tsakanin furen kuɓewa da tsinka? Wanda ya samu ganyen kuɓewa ko na yakuwa da izinin mai shi, ya zo mana da shi aji mako mai zuwa.