Yadda ake ɗaura famfon kwashe ruwa a jirgin yawo

Masu fita shan iska a tabkin Madarunfa sun dame ni da wannan tambaya, wasu har sukan biyo ni Maradi. To ga shi. Famfo mai aiki da wutar batir ta volt 12 nake nufi.

1. Cire baƙar waya daga kan batir.

2. Zuba bokitin ruwa a jirgin. Inda ya taru, nan ne mazaunin famfo.

3. Kwashe ruwan, ka share yashin wurin.

4. Manna guntun katako a wurin da gam mai jure ruwa.

5. Ɗaure gindin famfon a kan katakon.
Hattara: dogon sukuru zai huda jirgin. Auna shi da kaurin katakon tukuna.

6. Zura tiyo a bakin famfo, ka matse da zobe.

7. Fitar da ɗaya bakin tiyon ta gefen jirgi, sama da inda ruwa ke kaiwa idan an cika jirgi da mutane.
Nan aka fi yin kuskure. Ana aunawa jirgi ba kowa, da an hau sai bakin ya nutse, ruwan tabki ya dawo ta tiyo.

8. Haɗa jar wayar famfon, ko mai ruwan ƙasa, da makunni.

9. Sa fiyus tsakanin makunni da batir, kusa da batir, daidai lambar da ke jikin famfon. Kar ka maye shi da zaren waya, don Allah.

10. Naɗe mahaɗan wayoyi, ka rataye su sama.

11. Mayar da baƙar wayar kan batir.

12. Zuba ruwa ka kunna. In yana ƙara amma ruwa na ɗiga kawai, mai yiwuwa ka haɗa wayoyin a juye ne.