Mai yaron da ake ciyarwa ta roba, karanta kafin ka yanki tikitin Ingila

Kiran waya daga Gusau, Kaura Namoda da Talata Mafara duk zance ɗaya ne: yaro ba ya iya haɗiya, an sa masa roba, kuma an ce asibiti kyauta ne a Ingila. Kyauta ga wa, 'yan'uwa?

Rajista da likitan unguwa ba wuya, ko takardar zama ba dole ba ce. Mu wuce nan.

Biza ita ce magana. Mai bizar aiki yakan biya kuɗin lafiya tun wajen cike takardu, fam 1,035 a shekara ga babba, 776 ga yaro. Da wannan NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, ke kawo madarar, sirinji da injin turawa har ƙofar gida. Mai bizar ziyara kuwa, kashi 150 cikin 100 na kuɗin jinya ake cajinsa. Ni na tafka wannan wautar. Na kawo uwargida da ɗana Abba da bizar ziyara, wai in sun iso a gyara takardu, alhali ba a sauya wannan bizar daga cikin ƙasa. Sati na biyu robar cikinsa ta fice da tsakar dare. Hudar tana iya toshewa cikin 'yan sa'o'i, don haka muka ruga. Sashen gaggawa bai karɓi ko sisi ba, amma ana ba shi gado lissafi ya fara. Ranar da takardar kuɗin ta iso ban ci tuwo ba. Bashin fam 500 da ya haura wata 2 ana kai shi ofishin shige da fice, kuma yana iya kayar da bizarka ta gaba. Mutanenmu na nan suka yi karo-karo bayan Juma'a aka biya. Allah ya saka musu, amma ba kullum aljihunsu ke da nauyi ba.

Wasu kuma suna sauka sai su ruga neman tallafin yara masu naƙasa don maƙwabci yana karɓa. Duba bizarka tukuna. In an hana ka kuɗin gwamnati, karɓarsa saɓa sharaɗi ne. Ƙaramar hukuma za ka nufa, ka ambaci sashe na 17 na dokar yara ta 1989, wanda ya ɗora mata tallafa wa yara mabuƙata, shi ba ya cikin haramcin.

Sai wuta. Injin na kwana yana aiki, ga wankin zannuwa kullum, ga ɗumama ɗaki. Kafin ka sa hannu a gidan haya, tambayi irin mitar. In ta kati ce, ka shaida wa kamfanin wuta akwai mara lafiya a gidan, su sa ku cikin rajistar masu fifiko, wato jerin gidajen da ake ba kulawa ta musamman.