Yadda zaka karanta tsohuwar gadar dutse da idonka

In ka samu kanka gaban gadar dutse ta ƙarni na 19, kar ka tsaya a samanta kana ɗaukan hoto kawai, sauka ƙasa bakin ruwa, daga nan ne zaka ga aikin. Bari mu ɗauki gadar Grosvenor da ke Chester a Ingila, wadda ta haye kogin Dee.

Fara da ƙirga bakunan, wato lanƙwasar dutsen da ruwa ke bi ta ƙarƙashinta. Ita wannan baka ɗaya ne tal, faɗinsa ƙafa 200, wajen mita 61, kuma lokacin da Gimbiya Victoria ta buɗe ta a 1832 babu bakan dutse da ya kai shi a duniya, sai a 1864 wata gada a Maryland ta Amurka ta ƙwace kambun. Tsohuwar gadar garin ta yi wa kekunan doki kaɗan, ga jirage masu dogon tirke suna bin kogin, shi yasa aka ɗaga wannan sama haka.

Sannan ɗaga kai ka duba duwatsun da suka yi lanƙwasar, zaka ga kowanne sama ya fi ƙasa faɗi kuma layin haɗinsu duk wuri ɗaya yake nuni. Toh nan sirrin yake, nauyi na danna su sai su ƙara cije juna, su tura ƙarfin gefe da gefe. Don haka bi lanƙwasar da ido har inda ta sauka, ka ga kaurin ginin bakin kogin, in wannan ya motsa gada ta tafi, shi yasa ni nafi daɗewa a wurin.

Abin da ba zaka gani ba shi ne katakon, sai da aka kafa firam na katako mai siffar bakan, aka jera duwatsu daga ɓangarorin biyu har suka haɗe a tsakiya, sannan aka sassauta shi a hankali, wallahi ranar nasan magina basu yi barci ba. Thomas Harrison da ya zana ta ma bai ga ƙarshenta ba, ya rasu a 1829, James Trubshaw ne ɗan kwangilar da ya gina.

Daga ƙarshe hau sama ka tsaya gefen titi, motoci da bas-bas ne ke bi ta kanta yau, alhali don kekunan doki aka auna ta.