Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin hasken nova masu jan ƙafa

Nova tauraro ne da haskensa ke ƙaruwa kwatsam sannan ya dushe, kuma wajen lissafin dushewar inda mutane suka fi faɗuwa shi ne zaɓen ranar da haske ya kai ƙololuwa. Nova mai sauri ba ta da wahala, ta hau ta sauko shikenan, amma masu jan ƙafan nan, wato masu dushewa a hankali, sai su yi watanni suna wasa da hankalinka. Novar HR Delphini da George Alcock ya gano a Yulin 1967 tsayawa ta yi kamar ta gama, ashe sai Disamba za ta yi tashin gaske. V723 Cas ma haka ta yi a 1995, kuma bayan ƙololuwar ta ci gaba da zabura tana komawa. To in ka ɗora sifilinka, wato ranar fara ƙirge, a ranar da aka fara ganinta, t2 ɗinka, wato kwanakin da haske ke ci kafin ya ragu da magnitud 2 (ma'aunin hasken taurari) daga ƙololuwa, ya tashi aiki tun daga tushe. Ka ware zabure-zaburen gefe, ka bi matakin da hasken ke komawa bayan kowace zabura, ranar farawa kuma ka gwada fiye da ɗaya ka ga yadda sakamako ke motsi.

Sai ƙura. DQ Herculis ta 1934 ta dushe ƙwarai bayan 'yan watanni sannan ta farfaɗo, ba wai wutar ce ta mutu ba, ƙura ce ta haɗu cikin iskar da ta watsar ta tare hasken. Ka leƙa infirared, hasken ɗumi da ido ba ya gani, in yana hawa daidai lokacin da na ido ke faɗuwa to ƙura ce, cire wannan ramin daga lissafi kawai.

Wani abin haushi, mutum ya kwaso bayanan AAVSO, ƙungiyar masu lura da taurari masu canjin haske, ya zuba kiyasin ido da awon kyamara a graf ɗaya. Can gaba, bayan nova ta dushe, hasken da oksijin ke fitarwa a tsawon zango na 5007 angistirom yana ƙarfi, kuma yana bakin gefen filtar V, matatar hasken da aka saba awo da ita, shi ya sa za ka ga masu awo biyu a dare ɗaya sun saɓa. Filtar y ta tsarin awon Strömgren ta fi kauce wa wannan hasken na oksijin.

Dokar masana taurari Hachisu da Kato, wadda ta ce hasken nova na raguwa da lokaci (t) bisa t^-1.75, kuwa kada ka tilasta ta. Hasken iskar da ke fita take bayyanawa, alhali a masu jan ƙafa fuskar tauraron kanta na ba da kaso babba, dole ka saka duka biyun a lissafi.