Kurakuran da ake yawan yi a gwajin sinadaran jini, daga jijiya zuwa takardar sakamako

Idan inji ya fitar da fotashiyam (wani gishirin jini) har 7.8, wanda ya yi yawa ƙwarai, a jinin mutumin da ya tuƙo babur ɗinsa da kansa, yana zaune a benci yana ta hira, ɗayan biyu ne: ko zuciyarsa na cikin haɗari bai sani ba, ko kuma jinin da ya isa gaban injin ya riga ya sauya daga wanda ke yawo a jikinsa. Na biyun ya fi yawa nesa ba kusa ba. Amma ma'aikacin lab ba shi da hurumin yin cinta. Aikinsa ya san hanyoyin da jini ke lalacewa, ya toshe su, don in irin wannan lamba ta fito ya san ta gaske ce.

A asibitin jami'ar Padua ta ƙasar Italiya, Mario Plebani da Paolo Carraro sun bi diddigin kurakuran ɗakin gwaji sau biyu, a 1997 da 2007. Duka biyun sun tarar sama da kashi 60 cikin ɗari na kurakuran tun kafin jini ya shiga inji ake yin su, aikin awon kansa kuwa bai wuce kashi 15 ba. Can ke nan, inda wuta ba ta ɗaukewa. Mu da muke fama da zafi da nisa da janareta, sai mu ƙara lura.

Tun daga bakin jijiya

Kuskuren da ya fi kowanne muni ba ya bukatar ilimin sinadarai: rubuta suna. A layi ɗaya na masu awon ciki za ka iya samun A'isha Muhammad uku. Wanda ya ɗebi jinin mutum biyar ya jera kwalabe da niyyar rubuta sunaye daga baya, ya riga ya buɗe ƙofar musanya, kuma babu injin da zai gano ta. A rubuta a gaban mai jinin kafin ya tashi, da shaida biyu, cikakken suna da lambar kati, a ƙara da lokacin ɗiba. Kuma kada a ce "ke ce A'isha?", don mara lafiya a gajiye komai aka tambaye ta sai ta ce e. A ce, "Baiwar Allah, faɗa mini sunanki."

Sai robar ɗaure hannu. Kada ta wuce minti ɗaya. In ta daɗe, ruwa na tsiyayewa daga jijiya zuwa tsoka, furotin da kalshiyam da kitsen jini su yi kamar sun ƙaru. Al'adar nan ta "dunƙule, buɗe, dunƙule" ita ma a bar ta. Tsokar da ke aiki tana sakin fotashiyam, kuma hakan kaɗai na iya ɗaga shi da 1 ko fiye. Ya dunƙule sau ɗaya ya riƙe, jini na fara zuwa a kwance robar.

Fashewar jajayen ƙwayoyin jini kuwa ita ce ta fi kowane dalili sa a mayar da samfuri. Fotashiyam ɗin da ke cikin ƙwaya ya ninka na ruwan jini fiye da sau 20, LDH ya ninka fiye da sau 100, AST ma na da yawa a ciki (biyun sinadarai ne da ake aunawa don gano lalacewar gaɓoɓi irin su hanta). Ƙwayoyin na fashewa duk wannan ya kwararo. Abin da ke fasa su a hannunmu sananne ne: allura mai siririn baki, zuƙar sirinji da ƙarfi, huda fata sifirit bai bushe ba, laluben jijiya, girgiza kwalba. Wanda ya fi yawa a wajenmu, tunda har yanzu da sirinji ake ɗiba a wurare da dama, shi ne a matsa jinin ta cikin allurar zuwa kwalba har yana kumfa. A cire allurar cikin kiyayewa, a bar jinin ya gangara a hankali ta gefen kwalbar, a rufe, a kifa ta a miƙe sau 8 zuwa 10 in mai maganin hana daskarewa ce. Bayan an juya a santirifuj, injin da ke raba ruwan jini da ƙwayoyinsa, a ɗaga kwalbar a gaban farar takarda. Siram, wato ruwan jinin da ya rabu a sama, in mai kyau ne launin ruwan ɗorawa ne mai haske. In ya yi ja-ja, ba a ba da fotashiyam, LDH ko AST daga cikinsa.

Wani abu da ba kowa ke tunawa ba: in an sake ɗiba a tsanake ya sake fitowa ja, ƙila ba laifin hannu ba ne. Mai sikila, mai ƙarancin G6PD (sinadarin da ke kare jan ƙwaya) da ya sha maganin da bai karɓe shi ba, ko mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ƙwayoyinsu na iya fashewa tun a jiki. Wannan kansa labari ne da likita yake so ya ji.

Jerin cika kwalabe ba ado ba ne. Ta noman ƙwayoyin cuta farko, sai mai shuɗin murfi, sai ja ko rawaya, sai koriya, sai mai ruwan hoda-shuɗi ta EDTA, mai toka-toka a ƙarshe. Dalili: EDTA, maganin hana daskarewa da muke amfani da shi, gishirin fotashiyam ne, kuma aikinsa kame kalshiyam. Ɗan ɗigo ya shiga kwalbar gwajin gishirin jini, sai ka ga fotashiyam ya haura, kalshiyam ya faɗi, ALP (sinadarin gwajin hanta da ƙashi) ma ya yi ƙasa saboda an kame masa zinki da magniziyam. Duk sanda ka ga waɗannan uku tare, kafin ka ruga da gudu ka tambayi wanda ya ɗebi jinin. Sau da yawa amsar ita ce jinin bai isa ba, aka tsiyayo kaɗan daga wata kwalba aka cika. Haramun ne a aikinmu, ko da yaron ya sha kuka kafin a samu jijiya. Mai shuɗin murfi kuma sai ta cika zuwa layinta, don lissafinta jini kashi 9 ne, sitiret, maganin hana daskarewar da ke cikinta, kashi 1.

Hannun da ake ƙarin ruwa a bar shi, a koma ɗaya hannun. Sukari ya haura har 40 da sodiyam da ya zube ƙasa, yawanci ledar dekstros, wato ruwan sukarin da ake ƙara masa, aka auna, ba mutum ba.

"Ban ci komai ba"

Kowa haka yake cewa. Sai ka tsananta tambaya ka ji ai shayi ne kawai, ko kunu rabin kofi don shan magani. Laifinmu ne da ba mu yi bayani ba. Sukarin safe na son aƙalla awa 8 ba abinci ba abin sha mai zaƙi, amma ruwa zalla a sha, yana ma sauƙaƙa samun jijiya. A watan Ramadan ana samun wani ruɗanin: Baba ya ce yana azumi, gaskiya ya faɗa, amma ya yi sahur da asuba ya zo ƙarfe 9. Bai kai awa 8 ba. Tambayar da ta dace ita ce, "Baba, ƙarfe nawa ka ci abin ƙarshe?"

Tsakanin hannu da inji

Jini a kwalba bai mutu ba. Ƙwayoyinsa na ci gaba da cin sukari, kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari duk awa, kuma a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, ko a jinin jariri, ya fi haka sauri. Ka lissafa: an ɗebi jinin mai sukari 7.4 ƙarfe 8 a ƙaramin asibiti, ɗan aike ya kawo shi ƙarfe 11. Zai iya fitowa wajen 6.2. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ciwon suga 7.0 ce. An sallami mutum da cutarsa ke nan, an ce ya rage zaƙi kawai. Kwalbar fuloraid, wato mai toka-tokan murfi, tana taimakawa, amma mutane na ba ta amanar da ta fi ƙarfinta: sai bayan awa ɗaya zuwa biyu take tsayar da cin sukarin sosai. Abin da ya fi shi ne a juya jinin a raba ruwan da ƙwayoyin cikin minti 30.

Ga kuma wanda kyakkyawar niyya ke jawowa. Jini ya iso da yamma, ma'aikaci ya ce bari in adana shi a firij zuwa safe, bai raba ba. Sanyi na tsayar da famfon da ke riƙe fotashiyam a cikin ƙwaya, sai ya yoyo waje cikin dare. Siram ɗin ba zai yi ja ba, ba alamar komai, amma lambar ta ƙarya ce. A raba tukuna, sannan a saka a firij. In kwalbar siram ce a ba ta minti 30 ta daskare kafin a juya, in ba haka ba zaren fibirin, wato na daskarewar jini, zai toshe bakin inji.

Jinin jariri mai shawara a naɗe kwalbar da takardar aluminiyam ko a sa ta a ambulan mai duhu. Hasken da ake kunna wa jaririn don ya karya bilirubin, sinadarin da ke kawo shawara, a fatarsa, irin aikin da hasken taga ke yi wa na cikin kwalba ke nan. Sakamakon ya fito ƙasa, likita ya ɗauka an tsallake haɗari.

A kan benci

Nan zan taƙaita, don an fi koyar da shi a makaranta. Kwantirol, wato samfurin da aka riga aka san sakamakonsa don gwada inji, kullum kafin jinin mutane, mataki biyu, na daidai da na cuta, a ɗiga a jadawalin Levey da Jennings da ake amfani da shi tun 1950. Abin da na fi gani shi ne kwantirol ya fita, a yi ta maimaita shi har ya faɗo ciki, a rubuta wannan. Dokokin da James Westgard ya fitar a 1981 a bayyane suke: ɗigo ɗaya ya wuce 3SD (SD ma'aunin nisan ɗigo ne daga layin tsakiya), ko biyu a jere sun wuce 2SD a ɓangare guda, a tsaya a nemi dalili. Goma a jere a gefe ɗaya na tsakiya, ko da duk suna ciki, wani abu na zamewa: sinadari ya tsufa, fitilar inji ta raunana, ko fifet, abin ɗibar ruwa daidai gwargwado, ya daina ɗibar daidai.

Sinadaran da aka rubuta wa digiri 2 zuwa 8, ranar lalacewar da ke jikin kwali ba ta da amfani in firij ya kwana ba wuta. A sa ma'aunin zafi a ciki, a rubuta safe da yamma. Gwajin hanta na ALT da AST a digiri 37 ake yinsa, a jira inji ya kai. Ruwan leda ba ruwan lab ba ne, akwai gishirin ƙasa a cikinsa, zai ɓata maka kalshiyam. Samfurin da ya wuce iyakar da takardar sinadari ta ce, a tsarma shi a sake, kuma a tuna a ninka: kashi ɗaya na siram da kashi 4 na ruwan gishiri, da 5 ake ninkawa, ba da 4 ba. Kiriyatinin, na gwajin ƙoda, da ake aunawa ta hanyar Jaffe, wadda ta samo asali tun 1886, yana hawa na ƙarya in akwai kiton ko wasu magungunan sefalosforin, yana kuma sauka in bilirubin ya yi yawa.

Lambar ta yi daidai, ma'anar ta kauce

Lamba ba ma'auni a gefenta ba sakamako ba ce. Yawancin ɗakunan gwaji a Najeriya da mmol/L suke ba da sukari, ƙananan na'urorin gida da yawa da mg/dL, a Nijar kuwa an saba da g/L irin na Faransa. Mara lafiya daga Maraɗi ya zo Katsina da takarda an rubuta 1,26. Wanda bai lura ba zai ɗauka sukarinsa ya faɗi warwas, alhali 1.26 g/L shi ne 126 mg/dL, shi ne 7.0 mmol/L, wato daidai bakin ciwon suga. Sukari a raba mg/dL da 18 a samu mmol/L, kiriyatinin kuma a ninka mg/dL da 88.4 a samu µmol/L.

HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin watannin baya, ya yaɗu yanzu, ana son sa don ba ya bukatar azumi. Amma ya dogara ne da cewa jan ƙwaya na rayuwa kusan kwana 120. Ta mai sikila SS ba ta kai ko kusa ba, don haka lambarsa ba abin dogaro ba ce. Haka wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan. A ƙasar da ta fi kowacce yawan masu sikila a duniya, tambayar ko mutum AA ne, AS ko SS kafin wannan gwajin wajibi ce. Kalshiyam kuma a dube shi tare da albumin, wani furotin na jini: duk giram ɗaya da albumin ya gaza 40 g/L, a ƙara wa kalshiyam 0.02 mmol/L. LDL, wato mugun kitsen jini, da ake lissafawa da dabarar Friedewald ba ya aiki in tiraigilisaraid, wani kitsen jinin, ya wuce 4.5 mmol/L, a rubuta hakan maimakon a ba da lamba.

Sakamakon gaggawa ba ya jiran ɗan'uwan mara lafiya ya dawo karɓa. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sukarinsa ya fito 1.9, ƙasa da 2.2 da ake ɗauka faɗuwa mai haɗari a wannan cutar: a duba kwalbar da lokacin ɗiba da sauri, amma kada a ɓata lokaci ana ta maimaitawa. A ɗaga waya ko a taka da ƙafa zuwa ɗakin yara, a faɗa wa likita ko nas sunan da lambar katin da sakamakon, a ce su maimaita a ji. In ana shakkar jinin ya daɗe a hanya, a faɗi hakan, a ce su huda yatsa a gefen gado yanzu. Sannan a rubuta a littafi wa aka faɗa wa, da ƙarfe nawa.