Yadda Ake Rainon Sabon Alƙalin Wasa Har Ya Tsaya Da Ƙafarsa

Jos garin ƙwallo ne. Nan aka haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, kuma a 2017 Plateau United ta lashe gasar firimiyar Najeriya. Amma leƙa filayen unguwa a Gangare ko Unguwar Rogo da yammacin Lahadi: 'yan wasa har rigimar wanda zai shiga suke yi, mai riƙe usur kuwa sai an haɗa da roƙo. Yaron da ya yarda ya busa, wasa uku ya ishe shi shan zagi, sai ya rataye usur. Kwas zai koya masa dokoki 17 na ƙwallon ƙafa, amma ba zai koya masa yadda zai iya barci ba bayan ya ba da fenaritin da bai dace ba. Wannan aikin tsohon hannu ne, kuma ga yadda nake ganin ya kamata a yi shi.

Da farko, ɗauki yaro ɗaya, in ya yi yawa biyu. Ku zauna ko a teburin mai shayi ne, ka ji abin da ya kawo shi da abin da yake tsoro. Ka tabbatar masa cewa kai ba mai ba shi maki ba ne. Wanda ya san kurakuransa za su shiga rahoto ba zai taɓa buɗe maka cikinsa ba.

Kafin kowane wasa ku tsayar da abu guda da za a duba, misali inda yake tsayawa. Yawancin sabbi bin ƙwallo suke yi kamar 'yan wasa. Nuna masa yadda zai riƙa ratsa fili daga wannan kusurwa zuwa waccan, ƙwallo tana tsakaninsa da mataimakinsa mai tuta.

In an take wasa, koma gefe da littafinka, kana rubuta minti da abin da ya faru. Kada ka ɗaga murya, kada ko kai ka girgiza. 'Yan kallo sun san ka, kuma da zarar sun ga fuskarka ta canza, shi ke nan, ka miƙa musu yaron. A hutun rabin lokaci ba shi ruwa da magana ɗaya tak.

Bayan an tashi ne ainihin aikin yake. Bar shi ya huce tukuna, ya sauya kaya, ku yi nisa da masu horarwa da magoya baya. Sannan ka fara da tambaya: "Ƙanena, a minti na 63 da aka kayar da ɗan gaba, me ka gani daga inda kake?" Sau da yawa zai ce, "Wallahi Oga, ɗan baya ne ya tare ni, ban ga ƙafar ba." To ka ga da kansa ya gano cewa matsayi ne ya cuce shi, dokar kuwa ya san ta. Abin da ya fito daga bakinsa ya fi zama a kansa fiye da wanda ka ɗora masa. Faɗa masa abu biyu da ya yi daidai, ka ambaci mintinsu don ya san ba lallashi ba ne, sannan gyara ɗaya. Ko littafinka ya cika da kurakurai goma, tara su jira wani makon. Na taɓa zazzage wa wani yaro duka a zama ɗaya, ranar wasa na gaba usur ya gagare shi busawa saboda shakka, kuma har yau abin yana damuna.

Tsakanin wasanni ku riƙa bitar dokoki tare, domin IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa a duniya, tana yi musu gyara kusan kowace shekara. Tun 2025, mai tsaron gida da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8 bugun kusurwa ake ba abokan hamayya, alƙali kuma yana ƙirga biyar na ƙarshe da yatsunsa a sama. Ku kuma fita gudun asuba ko da sanyin hunturun Jos ne, tunda gwajin ƙarfi da FIFA ta tsara wa alƙalan wasa ya ƙunshi gudun mita 40 sau 6, da na mita 75 sau 40.

Ranar da aka zage shi ko aka taɓa shi, kira shi a daren, kada ka bari sai gobe. Taya shi rubuta rahoto ga ƙungiyar alƙalan wasa ta jiha, ka raka shi ya miƙa.

In ka ga ya fara kawo maka kurakuransa tun kafin ka buɗe littafi, rage zuwa wasanninsa. Gabatar da shi ga manya a ƙungiya don a gwada shi a wasan da ya fi na unguwa nauyi, ko da riƙe tuta ne a filin Rwang Pam, ka sayi tikiti ka zauna cikin 'yan kallo.