Kurakuran da Masu Sayen Jif Suka Fi Yi a Bauchi

Duk wanda ya tsaya a wuraren sayar da motoci na garin Bauchi zai lura cewa idon mai saye kan tsallake ƙananan motoci ya sauka a kan jif. Dalilin a fili yake: cikinta ya ɗaga daga ƙasa, tana ɗaukar iyali da buhunan hatsi, kuma idan damina ta kankama unguwanni da yawa ba sa shiguwa da Corolla. Sai dai kwaɗayin wannan tsayi yana jefa mutane cikin asarar da za a iya kauce mata.

Babban kuskure shi ne ɗaukar duk mota mai tsayi a matsayin abu guda. Sunan jif da muke kira ya haɗa motoci iri biyu masu bambancin ƙira. Land Cruiser da Prado an ɗora gangar jikinsu ne a kan shasi na ƙarfe mai zaman kansa, kamar yadda ake ƙera Hilux, don haka suke jure duka. RAV4 kuwa, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1994, da CR-V da Highlander da Lexus RX, jikinsu da shasinsu a haɗe suke kamar na ƙaramar mota, hasali ma Highlander ta farko a kan tsarin Camry aka gina ta. Bugu da ƙari, da yawa daga cikinsu tayoyin gaba kaɗai ke ja. Na taɓa ganin irin wannan ta kafe a laka kan hanyar gona, tayoyin gaba na juyawa suna watsa taɓo, na baya a tsaye cik, mai ita yana ta mamaki. Gyaran abu ne mai sauƙi: kafin a biya kuɗi, bakanike ya leƙa ƙarƙashin motar ya ga ko akwai sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce kwalta ba, ba ya ma buƙatar wannan, kuma bai kamata dillali ya caje shi kuɗinsa ba.

Sai lissafin mai, wanda ake mantawa da shi ranar ciniki. Injin RX 350 ƙirar kafin 2023 mai silinda 6 ne, girmansa lita 3.5, alhali na Corolla da aka fi sani lita 1.8 ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ma'aikacin da ke zuwa Gombe duk mako ya kamata ya zauna da alƙalami ya auna kuɗin mai da na taya da na shokazoba kafin ya yanke shawara.

Wasu kuma suna kutsawa cikin ruwa mai gudu saboda sun amince da tsayin motar. Idan ruwa ya shiga ta inda inji ke shaƙar iska, injin na iya lalacewa nan take, kuma idan hakan ta faru kada a sake tayar da shi, a jawo motar zuwa gareji.

Tsayin nan yana da wani haɗari a kan babbar hanya, domin mota mai tsayi ta fi saurin kifewa idan aka karya kwana da gudu ko taya ta fashe. Saboda haka a duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefen taya: 2319 na nufin an ƙera tayar a mako na 23 a shekarar 2019. Motar da ke ja da duk tayoyinta kuwa tana son su kasance girma ɗaya, cinyewarsu ma kusan ɗaya, in ba haka ba giyarta ce za ta biya.

Ga 'yar Kwatano, a bincika lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a intanet don a san ko ta taɓa yin hatsari ko nutsewa a ambaliya a Amurka, a ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina, sannan a tantance takardun kwastam.